Surukina Mai Ɗori da Gwiwar da Ya Ƙi Ɗaurewa

Ranar Talata da hantsi aka fitar da Baba ta soron da ya shafe fiye da shekara arba'in yana duba ƙafafun mutane a cikinsa. Wanda ya ba mu aronsa ya karɓi abinsa, mu ma layi muke bi. Baba mahaifin maigidana ne. Shekara ashirin da ɗaya ina aure a gidansa na garin Ƙofa ban taɓa furta sunansa ba, ba kuwa zan fara yau don ƙasa ta rufe idonsa ba. Duk wanda ya taɓa karyewa ko gurɗewa tsakanin Bebeji da Doguwa ya san wanda nake nufi.

Mu mata muna tsakar gida, amma ta ƙofar soro ana hangen masu zuwa gaisuwa. Wata tsohuwar Bafulatana ta zo daga wata ruga ta wajen Tudun Wada. Ta zauna gaban Inna, uwar maigidana, ta miƙe ƙafa, ta dafa gwiwarta ta hagu.

"Wannan tasa ce," in ji ta. "Nagge ta take ni, shi ya mayar mini da ita. Yau mai ita ya tafi."

A waje kuma wani ɗan achaɓa daga Kiru ya naɗe wando a gaban malamai yana nuna inda aka ɗora shi, sai da wani dattijo ya tsawata masa.

Ran kwana biyu aka kusa yin abin kunya. Wani masunci daga Bagauda ya zo da sandar ƙarfe, ƙafarsa ta dama a sandare kamar taɓarya. Aka yi addu'a aka shafa, bai tashi ba. Ya ɗaga murya har muna ji daga ciki.

"Allah ya jiƙansa, amma ni korata ya yi. Har sau biyu."

Na ga wan maigidana ya yunƙura, maigidana ya riƙe masa riga.

"Ya kama ƙwaurina ya ja, ya ce igiyar cikin gwiwa ce ta tsinke, ɗori ba ya kama igiya, in tafi birni. Na ce ya ɗaure mini ko yaya ne, ina da iyali. Ya ce shi ba ya ɗaure ƙarya. Na zage shi a ƙofar nan, na tafi wajen wani ya ɗaure ni wata biyu da kara. Ga ta nan." Ya bugi ƙafar da tafin hannu. "Shekara tara ina cewa zan zo in ba shi haƙuri. Yanzu wa zan ba?"

Wan maigidana ya koma ya zauna. Liman ya ce masa, "Ba wa 'ya'yansa, ga su nan."

Tun daga ranar nake son in rubuta wannan. Mutane za su tuna ƙasusuwan da ya ɗora, suna da yawa. Ina tsoron a manta da waɗanda ya ƙi taɓawa, ni kuwa ina cikinsu.

Baba ba mai sauƙin zama ba ne. Bakinsa da kaifi, ba ya dariya sai da dalili. In aka kawo masa mai ciwon gwiwa, ba ya barin a sauke shi a bakin tabarma. Sai ya ce a tsayar da shi can wajen bishiyar darbejiya, ya tako in zai iya. Yana zaune yana kallo, kafin mutum ya ƙaraso ya gama rabin bincikensa. Yakan ce, "Baki yana ƙari, tafiya ba ta ƙari."

Sannan tambayoyi, kamar alƙali. Yaya ka faɗi? Ƙafar tana dafe da ƙasa jikinka ya juya, ko duka ka sha daga gefe? Ka ji ƙara a ciki? Nan take ta kumbura ko sai da gari ya waye? Wadda ta cika nan take, in ji shi, jini ne, wani abu ya yage a ciki. Wadda ta jira wayewar gari ruwa ne, da sauƙi. Tana maƙalewa ta ƙi miƙewa? To guringuntsi ne ya tsage ya shiga tsakani. Tana zillewa in kana sauka daga tudu? Igiya ce. In mutum ya fara kawo labarin maƙiya da jifa, sai ya katse shi: "Maƙiyinka ramin da ka faɗa. Amsa abin da na tambaye ka."

Sabon targaɗe ba ya yarda a gasa shi ko a murza. Tsumma ne a jiƙa da ruwan randa a ɗora, a ɗaga ƙafar bisa matashi, a huta kwana biyu ko uku. Bayan nan kuma sai ya juya ya zama wani mutum daban: tashi, taka, lanƙwasa. Gwiwa, in ji shi, ba ta son doguwar ɗauri, in ka ɗaure ta wata guda ta yi fushi da kai shekara. Akwai wani ɗan kasuwar hatsi mai ƙiba da ya zo yana kukan gwiwoyinsa biyu, ya sha allurai a kemis har ya gaji. Baba ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Alhaji, buhu biyu ka ɗora wa jakin buhu ɗaya. Sauke ɗaya ka dawo." Alhajin bai sake gaishe shi ba sai bayan shekara.

Duk wannan daga nesa nake jinsa, don tsakanina da shi akwai kunyar surukuta. In zan wuce soro sai in cire takalmi, in durƙusa daga gefe in gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri. In yana da magana da ni, Inna yake gaya wa, ko da ina tsaye a wurin. Ina koyarwa a wata firamare a Kiru, saboda haka Malama yake ce mini.

A shekarata ta huɗu a gidan abin ya faru, da kaka, an gama yankan dawa. Ina da ciki wata biyar. Ina dawowa daga makaranta a kan achaɓa, mai babur ya yanke ta cikin gona don ya rage hanya, taya ta zame a yashi, na faɗi da gwiwa a kan tushiyar dawa. Wani ɗan tsinke ya shige ta gefen ƙoƙon gwiwata ta dama. Na zare shi da kaina. Hujin bai kai ƙwayar wake ba. Hankalina duk yana kan cikin, da na ji yana motsi sai na gode wa Allah, na wanke wurin da ruwan gishiri, na ɗaure da ƙyalle, ban gaya wa kowa ba. Maigidana malamin gona ne, yana can wani ƙauye cikin Doguwa inda waya ba ta shiga. Wa zan nuna wa gwiwata a gidan surukai?

Kwana na biyu ina ɗingishi ina ɓoyewa. Na uku ban je makaranta ba. Ran na huɗu da safe na sauko da ƙafa daga gado, na ji kamar an soka mini ƙusa mai zafi har ƙwaƙwalwa. Sanyi ya rufe ni, haƙorana suna haɗuwa. Inna ta shigo ta yaye zanen, ta ga gwiwar ta yi kamar ƙwarya, fatar tana sheƙi. Ta yi salati.

Baba ya tafi Bebeji tun da sassafe ɗora wani da ya faɗo daga mota. Wadda ke nan ita ce Gwaggo, yayar Baba, wadda ta dawo gidan da zama tun rasuwar mijinta. Ita ta goyi Baba yana ƙarami, kuma ba a gidan ba, ko a unguwar ba mai musa mata. Ta dubi gwiwar ta ce, "Mataccen jini ne ya kwanta. A kira wanzami ya yi tsaga ya kafa ƙaho, kafin la'asar ta sace."

Inna ta ce, "Yaya, da an jira Malam."

"A jira shi ya yi me? Ya taɓa gwiwar surukarsa?"

Aka aika. Bayan azahar wanzami yana soro da zabirarsa, an ɗora ruwan zafi, Gwaggo ta sa an shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakina. Ina kwance ina jin ana wasa aska. A daidai nan na ji sallamar Baba.

Ban ji abin da suka yi da wanzamin ba. Na dai ji takunsa ya shigo har tsakar gida, ya nufo sashenmu, inda bai taɓa takowa ba tun da aka kawo ni. Ya ce a saki asabari. Ya kifa turmi a bakin ƙofa, ya zauna ya ba ɗakin baya.

"Shiga," ya ce wa Inna. "Hannunki ne nawa yau. Tambayi Malama, faɗuwa ta yi?"

Ina jinsa sarai, amma sai da Inna ta maimaita. Na amsa ƙasa-ƙasa, ita kuma ta ɗaga murya ta miƙa masa.

"Ta ce daga babur."

"Ta ji ƙara a ciki?"

"Ta ce a'a."

"Ta taka bayan ta faɗi?"

"Ta taka, har makaranta ta je washegari."

"To ba karaya ba ce, ba igiya ba ce. Sa bayan hannunki a kan mai lafiyar. Yanzu mai ciwon."

Inna ta janye hannu da sauri. "Malam, kamar gefen murhu."

"Jikinta fa?"

"Zazzaɓi ne sosai."

"Riƙe diddigen. Ki lanƙwasa kaɗan. Kaɗan na ce."

Ko rabin taƙi ba ta motsa ba na ƙwalla ƙara. Shekara huɗu bai taɓa jin muryata ta wuce raɗa ba.

"Saki!" Na ji numfashinsa ta bayan asabarin. "Duba fatar da kyau. Akwai huji?"

Inna ta kwance ƙyallen. Ta dube ni, na kau da kai.

"Akwai, Malam. Ɗan ƙarami. Bakinsa ya yi ja."

"Me ya huda ta? Kwana nawa?"

Wannan karon ban jira Inna ba. Na ce, "Tushiya ce, Baba. Yau kwana huɗu."

Ya miƙe da ƙarfi har turmin ya gangara. "Ɗauko mayafinta. Wannan ba tawa ba ce, ba ta wanzami ba ce. Mugunya ce a cikin gaɓa. Asibiti za a tafi yanzu."

Gwaggo tana tsaye a bakin rumbu. Ta tako a hankali har gabansa.

"Asibiti? Kai da ake ɗauko mutane daga Doguwa a kawo maka, yau a ce ta cikin gidanka ta gagare ka? Gobe wa zai zo soron nan?"

"Kada Allah ya sa kowa ya zo."

"Da izinin wa za ta fita? Mijinta ba ya gari."

"Wanda ya haifi mijin ya ba da izini."

"To ni ban bayar ba!" Muryarta ta cika gidan. Matan maƙwabta sun fara leƙowa ta katanga. "Yarinya da ciki za ka kai musu su kwantar su yanka? Ka manta Auta? Da ƙafa biyu muka kai musu shi, suka yanke ɗaya, suka ba mu gawa bayan kwana shida. Ina raye ba za a sake ba. Wanzami, shigo ka yi aikinka!"

Auta ƙaninsu ne, ya rasu yana saurayi tun kafin a haifi maigidana. A gidan abin da kowa ya sani shi ne asibiti ya kashe shi, kuma ba a tayar da zancen.

Na ji wanzami ya yi gyaran murya a ƙofar soro. Ta ramukan asabarin na ga Baba ya matsa ya tsaya a tsakiyar ƙofata, ya dafa gefunanta biyu da hannuwansa.

"Yaya, duk wanda zai sa wa yarinyar nan aska sai ya fara da ni."

"Ni kake gaya wa haka? Ni da na goye ka?"

"Ke kika goye ni. Shi ya sa na kasa gaya miki shekara talatin." Ya dube ta. "Ba asibiti ne ya kashe Auta ba. Ni ne. Ƙaya ce ta soke shi a gwiwa, ta yi zafi kamar wannan. Kina Kiru gidan mijinki ba ki gani ba. Ina sabon koyo, ina ji da kaina. Na yi masa tsaga, na shafa man shanu, na ɗaure da kara. Kwana tara yana kuka yana cewa in kwance, ina ce masa ya yi jarumta. Ran da na kwance, ƙafar ta riga ta mutu. Abin da muka kai asibiti ke nan. Kika ce su ne, na yi shiru, don shirun ya fi mini sauƙi."

Ruwan da aka ɗora yana ta tafasa a murhu, ba mai saukewa. Gwaggo ta nemi abin dafawa, Inna ta fito da gudu ta tare ta, ta ture hannun Inna. Ta juya ta shige ɗakinta ta ja ƙofa.

Wanzamin dattijo ne mai hankali. Ya rataya zabirarsa ya ce, "Malam, bari in nemo muku mota," ya fita.

Akori-kurar wani maƙwabci aka samo, mai kai tumatir kasuwa. Mata huɗu suka ɗauke ni a cikin zane. Ni da Inna muka shiga gaba, ƙafata a kan cinyarta. Direba ya ce Baba ya matso a gyara masa wuri, ya ƙi. Ya hau baya ya zauna cikin kwandunan tumatir, mutum mai shekara sittin da wani abu. Duk ramin da motar ta faɗa sai na ciji mayafi. A asibitin farko da muka tsaya suka duba suka ce aikin tiyata ne, mu wuce Kano. Inna ta fara kuka. Baba ya buga rufin motar da hannu ya ce wa direba, "Tafi."

Ban san tsawon hanyar ba, zazzaɓi ya fara ɗauke ni. Abin da nake tunawa shi ne hannuna a kan cikina ina jiran motsi, da muryar Inna tana cewa, "Yana motsi? Ki ce mini yana motsi."

Likitan da ya karɓe mu matashi ne, ga alama ya gaji. Ya soka sirinji a gefen gwiwar ya ja, abin da ya fito rawaya ne mai kauri. Ya tambayi wanda ya kawo ni, Inna ta nuna Baba a bakin ƙofa ta ce, "Surukinta ne, mai ɗori ne." Kafin ta ƙarasa likitan ya hau shi da faɗa.

"Ku ne ai! Sai kun gama ɓata ƙafa da tsage-tsage da ɗaure-ɗaure sannan ku kawo mana. Kwana huɗu, Baba! Mace da juna biyu!"

Inna ta yunƙura za ta yi magana, Baba ya ɗaga mata hannu. Ya cire hularsa ya riƙe.

"Gaskiyarka, likita. Muna yi. Taimaka mata."

Bayan magariba aka shiga da ni. Suka buɗe gaɓar suka wanke, suka sa roba tana tsiyayar da sauran. Mako uku na yi ana mini allurai ta jijiya. Maigidana ya iso ran kwana biyu, idonsa ja, saƙo ya same shi ta bakin wani direban masara. Baba bai shigo ɗakin da nake ba ko sau ɗaya. A ƙarƙashin wata bishiya yake yini kullum har aka cire robar, sannan ya koma gida. Cikin bai taɓu ba. Yarinyar da na haifa yanzu tana ajin ƙarshe a sakandare.

Na zaci wahala ta ƙare, ashe rabinta ke nan. Na dawo gida da gwiwar da ta ƙi lanƙwasuwa, cinyar ta zube ta zama kamar ta yaro. Masu gashin ƙashi na asibiti sun ba mu takarda mai zane-zanen motsin da zan riƙa yi. Baba ya sa maigidana ya karanta masa tun daga farko har ƙarshe, ya gyaɗa kai ya ce, "Sun san aiki." Daga ranar ya zama ɗan sandan takardar nan. Ya sa aka ɗinka 'yar jaka aka cika da yashi, a ɗaura mini a idon sawu in ɗaga ƙafar a miƙe sau ashirin. Safe da yamma in zauna a bakin gado, Inna ta tura ƙwaurin baya har sai na yi hawaye. Shi kuma yana soro yana sauraron takuna in zan je ɗiban ruwa.

"Gaya wa Malama tana lallashin ƙafar nan. Ƙafa ba jariri ba ce."

Ba zan ɓoye ba, a watannin nan na ƙi jininsa. Wata rana, ga nauyin ciki ga azaba, na ce da ƙarfi don ya ji, "Inna, ku ƙyale ni. In gurguwa Allah ya yi ni, na karɓa." Can ya amsa daga soro: "Gaya mata Allah bai yi ta gurguwa ba tukuna. In ta zama, ita ta yi kanta. Saura bakwai." Na yi bakwai ɗin ina kuka. Yau ina zaman tahiya a kan ƙafar nan, ina hawa achaɓa, ina tsayawa gaban allo yini guda. Ba ta kai 'yar'uwarta lanƙwasuwa ba, kuma in sanyi ya shigo tana tuna mini da kanta.

Gwaggo kuwa fiye da shekara ba ta amsa gaisuwarsa ba. Ni takan aiko mini da kunu, ba da ni take ba. Ta gaya wa Inna cewa ba mutuwar Auta ce ta fi ƙona mata rai ba, a'a, barin ta da ya yi shekara talatin tana tsine wa mutanen da ba su ci ba ba su sha ba. Ba a taɓa yin zaman sulhu ba. Amma da sanyin ƙashi ya kwantar da ita a ƙarshen rayuwarta, kullum da hantsi sai ya shiga ɗakinta da man shanu a gwangwani, ya zauna a ƙasa ya murza mata gwiwoyi. Ba ta ce masa sannu, shi ma bai nema ba. Haka suka yi wata takwas har ta cika.

Daga baya nasa gwiwoyin suka juya masa baya. Guringuntsin ya cinye, ƙafafun suka bankare, in ya miƙe ana jin ƙasusuwan suna gogar juna. 'Ya'yansa suka kai shi aka yi hoto, aka yi maganar sa masa gwiwar ƙarfe, sai likitoci suka ce zuciyarsa ba za ta ɗauki aikin ba. Ya karɓi sanda, ya karɓi magani, ya rage tuwo da kansa. Abu ɗaya ne ya kasa karɓa, salla a kan kujera. Shekara shida yana yinta a ƙarshen sahu, yana sunkuyar da kai a iska. Malamai sun sha gaya masa ladansa cikakke ne. Yakan ce, "Na sani. Ba lada nake kewa ba."

Ranar Juma'ar ƙarshe, ƙafafunsa sun kumbura, numfashi yana yi masa wuya, ba a kai shi masallaci ba. Da la'asar aka fito da shi tsakar gida, aka ajiye masa kujerarsa a inuwa. Ina bakin madafi ina tankaɗe. Ya yi alwala, ya dubi maigidana da wansa.

"Ku ɗauke kujerar nan. Ku sauke ni ƙasa."

"Baba, likita ya hana," in ji wan maigidana. "In ka durƙusa ba za ka tashi ba."

"Ku biyu ƙarti ba za ku iya ɗaga ni ba?"

"Ba shi ba ne, Baba. Numfashinka."

"Numfashin naka ne?"

Maigidana ya dubi Inna. Inna ta daɗe tana kallon mijinta, sannan ta tashi da kanta ta janye kujerar. Ta ɗauko darduma, ya ce a'a, a bar masa ƙasa.

Suka riƙe shi ta hammata ya ta da kabbara a tsaye. Da aka zo sujada suka sauke shi a hankali. Na ji ƙarar gwiwoyin daga inda nake, kamar ana karya busasshen kara. Wani nishi ya ƙwace masa, amma bai tsaya ba sai da goshinsa ya taɓa ƙasa.

Ya daɗe. Ya daɗe har na ajiye rariya. Wan maigidana ya sunkuya yana kallon bayansa ko yana ɗagawa. Maigidana ya miƙa hannu zai taɓa shi, Inna ta girgiza masa kai. Ba mai numfashin kirki a gidan. Na fara karanta abin da ake karantawa a zuciyata.

Sai muka ji shi, can ƙasa-ƙasa, yana tasbihi yana shessheƙa.

Sauran sallar a zaune ya ƙarasa ta, ƙafafu a miƙe, jingine da ƙirjin ɗansa. Da ya sallame, gumi ya jiƙa masa riga, yashi ya manne masa a goshi da kan hanci. Inna ta kama gefen mayafinta za ta share masa. Ya riƙe hannunta.

"Bar mini abina," ya ce.

Kwana huɗu bayan nan ya rasu, da asuba ta wuce, kansa a kan cinyar Inna.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka. Ka san laifin da ya ɗauka shekara talatin shi kaɗai, ka kuma san ƙafafun da suka taka zuwa masallatanka ta dalilinsa. Ka yafe masa na farko, ka auna masa na biyu da babban mudu. Ka yalwata masa makwanci, ka ba Inna haƙurin zama bayansa. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika goshinmu yana ƙasa.